Tankar Baba Saja

Kai mai baƙar riga, sa wayar nan a aljihu tukuna. Na ji abin da ka raɗa wa na kusa da kai da kuna shigowa, kunnena bai tsufa kamar gemuna ba. Cewa ka yi, "Ashe ma kayan wasan yara ne." Kar ka sunkuyar da kai, ba kai ka fara ba. Surukina, Allah ya jiƙansa, sai da ya shekara biyar yana gaya wa mutane kafinta 'yarsa ta aura, don bakinsa ya kasa furta abin da nake yi. Ku ja bencin nan ku zauna. Ke mai jan mayafi, kula da gwangwanin gam ɗin da ke bayanki. Malaminku ya ce in koya muku sana'ar nan cikin hutun sati uku. Na ce masa to, Allah ya kawo su, sati uku dai ya ishe su koyon yanke yatsa da reza.

Sunana Sabo. A Dutse Uku in ka ce Sabo sai an tambaye ka wanne, amma ka ce Sabo Tanka, mai keke zai sauke ka a ƙofar nan ko waiwaye bai yi ba. Aikina shi ne in ɗauki faifan katako da bai fi tiren shayi ba, in gina filin yaƙi a kai: tanka, ƙasar da ta taka, gadar da za ta haura, bishiyoyi, da mutanen da ke cikinta. Kowane abu ana rage shi sau talatin da biyar, ba talatin da huɗu ba, ba talatin da shida ba. Soja zai koma tsawon ƙaramin yatsanka, takalminsa ƙwayar shinkafa. In ka yi soja daidai amma bokitinsa ya ɗara kaɗan, duk wanda ya kalla zai ji wani abu bai zauna ba, ko da bai san mene ne ba.

A Jos Jarawa na koya, wajen marigayi Oga Bitrus. Shi tun zamanin kamfanonin kuza yake gina musu ƙananan injinan haƙa da ramuka, don manya su tsaya a ofis suna nunawa da sanda. Da kuza ta ja baya ya koma yi wa masu zanen gidaje, daga nan sojoji suka gano shi. Na je masa da motar langa-langa da na ƙera da hannuna, har da sitiyari mai juyawa, ina ji da kaina. Ya juya ta sau biyu, ya ajiye, ya miƙo mini rariya. Wata shida ban taɓa tanka ba. Ƙasa nake tankaɗewa, ja daban, baƙa daban, farin yashin tsofaffin ramukan kuza daban, kowace a kwalbarta.

Wata safiya bayan an tafka ruwa ya ce in tafi hanyar da tifofi ke ɗibar yashi, in kalli taya, in dawo da azahar. Na je na tsaya kamar an dasa ni, direbobi suna ta yi mini dariya. Da na dawo ya ce, "Laka a ina take?" Na ce, "A taya mana, Oga." Ya ce, "Koma." Kwana uku ina komawa. Rana ta uku na ce masa wadda ke ƙasa baƙa ce mai sheƙi don tana da ruwa, wadda ta fantsama sama ta bushe ta yi fari-fari, kuma inda direba ke sa ƙafa ya hau babu laka sam, ƙarfe ne fes. Bai ce na yi daidai ba, shi ba ya faɗar wannan. Buroshi kawai ya zaro daga bayan kunnensa ya ba ni. Yana nan cikin kwalbar can, gashinsa bai fi bakwai ba yanzu. Doka biyu ya bar mini kafin ya sallame ni: ba a karya ma'auni ko don sarki, kuma aikin da aka gama a rufe shi da gilashi a manna takarda, "Kar a taɓa."

Kayan aikin ga su nan, ba su da yawa. Reza, hantsaki, ƙaramin zarto, magagari, gam, da rariyar shayin da na sato a kicin, wadda har yau mai ɗakina Hadiza take nema a gaban baƙi don ta kunyata ni. Akwai tankokin da ake sayarwa a kwali, ka ɓalle ka manna, amma kafin ɗaya ya iso Jos ka gaji da jira. Ni nawa daga bola suke fitowa. Jikin tanka daga farar robar cikin mataccen firji, tayoyi daga murfin kwalbar allura, waya daga ƙonanniyar fanka, ciyawa daga igiyar buhu da aka tsefe. Sarƙar da tanka ke tafiya a kai kuwa ɗaya-ɗaya ake yanka ta a jera, kuma ranar da kake jera ta kar ka yarda ka yi atishawa. Na san za ku ce yanzu akwai injin da ke fitar da komai daga kwamfuta. Akwai, na gan shi, ba na gaba da shi, ni ma ina so ɗayanku ya koya mini. Amma inji tanka zai ba ka, ba zai gaya maka inda laka take zama ba.

Masu saye kuwa, yawancinsu manyan sojoji ne da suka yi ritaya, sai makarantu da zaurukan bariki. Manyan nan ba su da wuyar sha'ani in ka gane su. Kowannensu tankarsa ba ta taɓa maƙalewa a taɓo ba, kuma bindigarta ta fi wadda ke cikin littafi tsawo. Wani na yi masa aiki na wata biyu, na zuba wa tankar ƙura da tabon mai yadda ya kamata, da aka kai gida sai matarsa ta ɗaga gilashin ta goge masa ita tas da tsumma, wai ya za a kawo wa Oga abu da datti. Shi kuma ya kira ni yana murna wai yanzu ta fi kyau. Na ce, "Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe."

Sai shekarar da gari ya rikice. Wasunku ba a haife ku ba, wasunku kuna goye. Ba zan ja maganar ba, iyayenku sun san ta. Abin da ya shafi sana'ata shi ne, wa zai sayi ƙaramar tanka alhali ga babbar motar sulke can a mahaɗar hanya, hancinta na kallon ƙofar gidanka? Mutanen da a da suke tsayawa su leƙa shagon nan suna murmushi sai suka koma kawar da kai. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta tsaya a nan ta ce, "Sabo, ka ji tsoron Allah ka kwashe abubuwan nan daga idonmu." Ban yi musu ba, na kwashe su na sa a kwali. Shekarar nan da yi wa makarantun allo da na boko ƙananan masallatai da taswirar ƙasa na ci abinci. Da Kirsimeti ya matso, wani abokin Oga Bitrus ya aiko a yi wa cocinsu garken tumaki da rumfar ciyawa, na yi tumaki har sai da na fara jin kukansu a kunnena. Na ɗauka shi ke nan, ni da tanka mun rabu.

Bayan ƙura ta lafa da kamar shekara biyu, a farkon damina, wata mata ta yi sallama a ƙofar nan tana riƙe da hannun wani dattijo dogo, bayansa a miƙe kamar an sa masa sanda. Ta ce sunanta Na'omi, daga Tudun Wada suke, wannan mahaifinta ne, Saja Dalyop, amma kowa Baba Saja yake ce masa. Ya zauna daidai inda kake zaune, kai mai baƙar riga. Ya karkata kai yana kallona da gefen ido ɗaya, ya ce, "Kai ne mai yin tanka?" Na ce, "Da dai ni ne, Baba." Ya ce, "To ka koma."

Ya yi mini bayani ba kwana-kwana. Yana saurayi an tura su aikin kwantar da tarzoma wata ƙasa ta bakin teku. Shi ne shugaban wata ƙaramar tanka mai mutum uku: shi, da mai harba bindiga, da direbansu Isiyaku, ɗan nan Dutse Uku. Hoto ɗaya tak yake da shi na su ukun a jikin tankar, kuma ya ƙone tare da gidansa a waccan shekarar. Yanzu ga ciwon hawan jinin ido ya cinye na hagu, na dama kuma likita ya ce yana rufewa a hankali. "Yanzu kamar ta kafar makulli nake leƙen duniya," in ji shi. "Ina so in ga tankata sau ɗaya kafin a rufe kafar."

Na ɗauko takarda na ce, "Wane artabu za a yi, Baba? Wuta da hayaƙi?" Ya ce, "A'a. Safiya nake so." Wata safiya ce a gindin wata gadar katako, farin yashi ko'ina, ga itatuwan kwakwa. Sun sha shayi, Isiyaku ya idar da sallarsa ya rataye butarsa a bayan murfin direba, ya shiga ya leƙo da kai yana jiran a ce a tafi. Da la'asar ɗin ranar aka rasa Isiyaku. Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kai, ni ma ban tambaya ba. Amma butar nan sai da ya maimaita ta sau uku. Ta ƙarfe ce, shuɗiya, da waya yake rataye ta sako-sako, in tanka na tafiya tana bugun jikinta ƙwal, ƙwal, ƙwal. "Kullum sai na yi masa faɗa ya ɗaure ta da kyau," in ji Baba Saja, "kullum sai ya ce to, Oga." Na rubuta "buta" a gefen takarda, hankalina yana kan fenti. Na ce masa sati shida.

To ku buɗe kunne, nan ne na tafka abin da har gobe nake jin kunyarsa. Cikin sati biyar na gama gini. Tanka ta tsaya, gada ta tsaya, kwakwa ta tsaya. Saura fenti. Ya ce mini launinta kore ne mai duhu, kamar ganyen mangwaron bakin titi. Na haɗa, na shafa, na kalla, na ce ina! Na sake haɗawa, na ce wannan koren ɗan makaranta ne. Wallahi ba wanda zai bambance su sai ni, amma shekara biyu ban yi tanka ba, so nake in nuna wa duniya Sabo bai mutu ba. Sai na aika Legas a nemo mini ainihin fentin. Mai kawowa ya ce sati ɗaya, ya zama uku, ya zama biyar.

Na'omi ta kira ni sau uku. Na farko ta gaishe ni kawai ta tambayi aiki. Na biyu ta ce, "Malam Sabo, idon yana ja baya fa." Na uku ta ce, "Don Allah ko yaya take a kawo, ko ba fenti." Kun san abin da na ce mata? Na ce, "Haba 'yar'uwa, ai ba na fitar da aiki rabi." Ina faɗa ina jin daɗin bakina. Da fentin ya iso kuma ga ruwan Agusta, kun san sanyin Jos, abu ya ƙi bushewa. Sati shidan da na yi alkawari sai da ya haura wata uku.

Ranar da na kai, na ɗauki shatar keke ni kaɗai, na rungume akwatin gilashin a cinya, ina yi wa mai keke faɗa a kowane rami. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, har yau kuwa. Na iske Baba Saja a baranda. Na yi sallama daga dama, ya amsa yana fuskantar hagu. Na dubi Na'omi, ta girgiza kai kawai.

"Ɗana, ka kawo?" ya ce. "Ajiye nan in gani."

Na ajiye a kan tebur. Ya miƙa hannu, farcensa ya bugi gilashi. Ƙarar nan ba za ta bar kunnena ba. Ya shafa sama, ya shafa gefe, har ya taɓo takardar da na manna. Ya ce, "An rufe ta ne?" Na yi maza na ɗage gilashin. Yatsunsa manya ne, na tsohon soja. Taɓawar farko bindigar ta karye. Ta biyu itacen kwakwa ya kwanta. Ya janye hannu da sauri kamar ya taɓa wuta, ya ce, "Ayya, yi haƙuri ɗana, na ɓata maka aiki."

Shi ne yake ba ni haƙuri! Ni da na cinye masa sauran ganinsa a kan launin kore. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na ce, "Baba, taɓa, taka ce." Ya sake kai hannu a hankali, ya bi jikin tankar, ya ce, "Roba ce, ko? Tamu da safe sanyi gare ta." Sai yatsansa ya tafi kai tsaye bayan murfin direba, ya laluba, ya sake lalubawa. Ya ce, "Ina butar?"

Tana nan. Na yi ta daidai ma'auni, ɗigon gam ne da na shafa wa shuɗi. Ga ido buta ce sak. Ga yatsa kuwa ba komai ba ce. Na tattara kayana na ce zan je in gyara bindigar, na fito.

Da na isa gida na zayyana wa Hadiza, ina jiran ta ce ƙaddara ce. Ina! Ta wanke ni tas. Ta ce, "Malam, kai idonka ka yi wa aiki, ba bawan Allahn nan ba." Na buɗe baki zan kare kaina, sai ta kwance ɗankwalinta, ta zagayo ta ɗaure mini ido da shi tamau, ta turo mini faifan gabana. Ta ce, "To, ga koren Legas nan, kalla."

Na kai hannu. Jama'a, aikin wata uku, ban ji komai ba sai ƙaya-ƙaya da abubuwa masu karyewa. Ruwan ƙarƙashin gada da na yi kwana huɗu ina zuba masa sheƙi, a yatsa leda ce. Yashi ya sha gam ya zama siminti. Ban bambance Isiyaku da kututturen kwakwa ba. Na daɗe a zaune da ɗankwalin nan a fuskata, ita kuma ta koma tuƙa tuwonta.

Washegari na fara sabuwa, kuma duk dokokin Oga Bitrus sai da na taka su, Allah ya sa ya yafe mini. Na je wajen masu zuba tukwane na samo sanholo, don Baba Saja ya ce jikin tasu ba ya tsatsa, irin ƙarfen tukunya ne. Na yanka, na naɗe, na goge kowane baki da magagari har ya daina kama fata. Bindiga na yi ta da ƙusa, ka danna da ƙarfinka ba za ta karye ba. Yashi na ɗebo fari daga ramin kuza na zuba shi haka nan a sake, ba gam, don yatsa ya nutse a ciki. Ƙarƙashin gada na binne gwangwanin kifi, a riƙa zuba ruwa na gaske. Ganyen kwakwa da fatar tsohon takalmi. Bayan injin na shafa ɗan baƙin mai, kusa da murhunsu na barbaɗa ganyen shayi, don hanci ma ya samu rabonsa. Fenti kuwa, ragowar na ƙofar shagon nan na shafa mata, ko haɗawa ban yi ba. Rabin aikin da ɗankwali a idona na yi shi, maƙwabta suna leƙowa suna cewa Sabo ya fara taɓuwa.

Kuma wannan karon ban jira ta gamu ba. Duk Asabar da hantsi sai in sa ta a kwali, guntu-guntu yadda take, in hau keke zuwa Tudun Wada. Baba Saja ya zama ogana. Ya laluba ya ce, "Nan akwai lotsawa, Isiyaku ya taɓa goga ta da katanga ya ce katangar ce ta matso." In ɗauko guduma in lotsa. Ya ce, "Nan muke ɗaure katifa." In naɗe ƙyalle in ɗaure. Wata Asabar ya riƙe ɗan mutumin da ke leƙowa daga murfin direba ya ce, "Kunnuwansa sun fi haka, ɗana, kar ka ji kunyarsa." Na ƙara wa Isiyaku kunne. Na'omi ta ce tun da idon ya rufe bai yi dariya ba sai a Asabar ɗin nan.

Buta ce ta ba ni wuya. In na yi ta daidai ma'auni, yatsansa ba zai same ta ba. In na yi ta yadda zai ji, a lissafin Oga Bitrus ta kai girman randa. Na gwada katako, ba ta magana. Na gwada dalma, ta yi nauyi. Ina cikin wannan Hadiza ta ajiye mini wani abu a kan benci ta wuce, ɗan kunnenta ne na tagulla, ɗan dunƙule mai rami a ciki, wanda ɗan'uwansa ya ɓace tun bikin ƙanwarta. Na lanƙwasa masa hannu, na liƙa masa baki, na rataye shi da siririyar waya a bayan murfin direba. Ban matse wayar ba. Ban kuma gaya wa Baba Saja na gama ta ba.

Asabar ta ƙarshe na isa da wuri, sanyin safiya bai saki ba. Na'omi ta zuba ruwa a gwangwanin da ke ƙarƙashin gada. Ba gilashi, ba takarda. Ya ɗora tafin hannu a jikin tankar, ya ce, "Yauwa. Ga sanyin." Ya tsoma yatsa a ruwa, ya murza yashi, ya sunkuya ya shinshina bayan inji ya ce mai yana yoyo kamar kullum. Ya bi tayoyi yana ƙirgawa, biyar nan, biyar can. Ya taɓa ɗan mutumin da na yi a matsayinsa, ya taɓa mai bindiga, ya ja kunnen Isiyaku. Sai yatsan ya gangara baya, ya ci karo da abin, abin ya yi lilo ya bugi jikin tankar.

Ƙwal.

Hannunsa ya tsaya cak. Ya sake taɓawa. Ƙwal, ƙwal. Sai ya ɗaga murya, wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba, har kajin gidan suka watse: "Isiyaku! Sau nawa zan ce ka ɗaure butar nan?"

Ni kuwa da wautata, na ɗauka gyara yake so. Na zaro hantsaki na ce, "Bari in matse ta, Baba." Caraf ya cafke wuyan hannuna, makaho ne amma bai kuskure ba. Hawaye na bin fuskarsa, yana kuma dariya.

"Kar ka soma," ya ce. "Bar ta haka, ɗana. Bar ta ta yi ta bugawa."

Yana nan da ransa a Tudun Wada, tankar na kan teburinsa, jikoki sun karya gadar sau biyu na je na gyara. Wata malamar makarantar makafi ta gan ta a gidan, ta biyo ni har nan, yanzu rabin aikina na hannu ne: tanka, jirgin ƙasa, gada, har Dutsen Shere na gina wa ɗalibanta su hau da yatsa. Aikin ya fi ƙarfina ni kaɗai, shi ya sa da malaminku ya yi maganarku ban ƙi ba. Waccan da ke saman kantar shago mai karyayyar bindiga, wadda ka nuna ka ce kayan wasa, ita ce ta farkon, mai koren Legas. Ban gyara ta ba, kuma ba zan gyara ba.

To, surutu ya isa. Kai mai baƙar riga, taso. Ga ɗankwali nan a rataye a ƙusa, ɗaure idonka da kyau, ke mai jan mayafi duba mini ko yana leƙe. Akwai tanka a gabanka, akwai buta a jikinta. Nemo mini ita, kuma kar ka karya mini komai.